Ciwo Biyu a Kan Mutum Ɗaya: Wa Zai Karɓi Wanda Shaye-shaye da Taɓin Hankali Suka Haɗe Masa?

A ƙarshen watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da maza sama da 300, manya da yara. Da yawa daga cikinsu da mari a ƙafa, wasu kuma bayansu duk shatin bulala ne, sabo a kan tsoho. Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai ana cigiyar danginsu. Ba a jima ba aka sake bankaɗo irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya, har da Ilori. Hotuna suka karaɗe duniya, aka yi ta Allah wadai, hukumomi suka ce a rufe.

Sai dai akwai abin da hayaniyar ta binne. Da yawan mutanen nan ba sato su aka yi ba. Iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da ƙafarsu, suka biya kuɗin abinci da na horo, suka koma gida suna fatan Allah Ya shirya. Wanda bai san dawan garin ba zai ce rashin imani ne. Amma uwar da ta kai ga ɓoye wuƙaƙen girki a ƙarƙashin katifarta, da uban da ya gaji da biyan maƙwabta kuɗin gilashin mota, ba daga gidan mari suka fara ba. Sun yi rubutu, sun yi ruƙiyya, sun je kemis, wasu sun kai ƙara wajen 'yan sanda, wasu sun je asibiti. Gidan mari ne kawai ya karɓi yaron yadda yake, bai tsaya tambayar ko shaye-shaye ne ke damunsa ko taɓin hankali ba. Karɓar zalunci ya yi masa, amma dai ya karɓa.

Ba kowa da ke irin waɗannan gidaje ne mai larurar ƙwaƙwalwa ba. Akwai wanda sata ta kai shi, akwai wanda kangara ce kawai. Amma a watan Nuwamban 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wurare 28 da ta ziyarta a Najeriya inda ake ajiye masu taɓin hankali: asibitoci, cibiyoyin gyaran hali na gwamnati, gidajen malamai, majami'u da wuraren masu maganin gargajiya. A 27 daga ciki ta tarar da mutane a ɗaure. Ashe abin ba na addini ɗaya ko yanki ɗaya ba ne, kuma ita kanta gwamnati tana da sarƙa a nata wuraren.

Cikin masu faɗawa wannan hali akwai rukunin da kowa ke kakkaɓe hannu da shi: mutumin da yake shan ƙwaya ko wiwi ko kodin, kuma a lokaci guda yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa na gaske, ko ciwon damuwa mai tsanani, ko firgici, ko irin ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Masu yaƙi da ƙwaya suna ganin ya fi ƙarfinsu. Masu kula da ƙwaƙwalwa suna ganin shi ya ja wa kansa. Shi kuwa mutum ɗaya ne, kai ɗaya gare shi.

Wanne ya riga wanne?

A farkon 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, suka fitar da babban binciken shaye-shaye a Najeriya. Ya nuna mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wani abin maye a cikin shekara ɗaya kafin binciken, ban da taba da giya. Tabar wiwi ce a gaba da mutum miliyan 10.6, sai dangin tiramadol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Ɗaya cikin kowane mashaya biyar kuma ya riga ya kai matakin da shan ya zame masa ciwo, ba ya iya bari ko da ya so.

Haɗuwar wannan da taɓin hankali ba sabon abu ba ne ga likitoci. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ya gano kusan rabin masu ciwon sikizofireniya, wanda shi ne mai zuwa da jin muryoyi da zargin ana bin mutum da sharri, sun taɓa fama da matsalar giya ko ƙwaya a rayuwarsu. A wajen masu ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefo shi cikin baƙin ciki, adadin ya haura rabi.

A unguwa hukuncin ba ya ɗaukar lokaci: "Wiwi ce ta haukata shi." Kuma akwai gaskiya a ciki. Binciken da mujallar The Lancet Psychiatry ta buga a 2019, wanda aka yi a wurare da dama a Turai da Burazil, ya nuna mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da irin wannan ruɗewar hankali, in kuwa mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar. Ruɗewar da abin maye ya haifar takan lafa cikin kwanaki ko makonni bayan an daina, shi ya sa dangi kan saki jiki su ce ya warke. To amma a Danmak an bi diddigin dubban irin waɗannan marasa lafiya, aka tarar kusan rabin waɗanda wiwi ta ruɗa sun koma masu ciwo na dindindin daga baya. Wanda ya farfaɗo daga irin wannan faɗuwa ta farko, a lokacin ne ya fi buƙatar a sa masa ido.

Ɗaya hanyar kuma, wadda ba a cika maganarta ba, ita ce ciwon ya riga shan. Ɗauki yaron da ya ga an yanka mahaifinsa a wani ƙauye na Barno ko Zamfara, ya tsinci kansa a gari yana dako. Da dare in ya rufe ido abin yake gani. Wani abokin aiki ya miƙa masa tiramadol don ya ji ƙarfin ɗaukar buhu, sai ya tarar ba ƙarfin kaɗai ya samu ba, har ƙuncin zuciyar ya yi sauƙi. Ba ƙarya yake ji ba. Tiramadol, ban da kashe zafin ciwo, yana taɓa wasu daga cikin sinadaran ƙwaƙwalwa da magungunan ciwon damuwa ke aiki a kansu. Da magariba kuma sai ya nemi dayazefam ko roci don ya samu barci. Yaron nan ya zama likitan kansa, mai tireda ya zama kemis ɗinsa, kuma maganin ya yi masa aiki na ɗan lokaci kafin ya juyo ya cinye shi. Ƙwayar tiramadol da aka amince a sayar a Najeriya mai miligiram 50 ce ko 100, amma ta kasuwar bayan fage akwai mai 200, akwai mai 225. Wanda ke haɗiyar uku ko huɗu a tashi ɗaya ya wuce miligiram 400 da likita ba ya yarda a haura a yini guda, kuma daga nan ne farfaɗiya ke shigowa, a ce aljanu ne.

In aka ƙwace wa irin wannan yaro ƙwaya aka bar masa abin da ya kai shi gare ta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ni a ganina wannan tambaya ta wanne ya riga wanne ta fi amfani ga masu bincike fiye da mai jinya. Shekarun da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi bayyana, daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, su ne kuma shekarun fara shaye-shaye. Sau da yawa likita ma sai ya yi makonni yana lura da mutum ba tare da abin maye a jikinsa ba kafin ya iya rarrabewa. Mu kuwa mun mai da tambayar ta zama shari'a: in ciwo ne ya riga, abin tausayi ne, in sha ne ya riga, shi ya so. Da wannan hukunci ake raba wanda za a kai asibiti da wanda za a kai gidan mari, alhali maganin da suke buƙata iri ɗaya ne.

Daga wannan ƙofa zuwa waccan

Ga yadda abin kan kasance. Yaro ya kwana uku ba barci, yana surutai, ya ce an sa masa guba a tuwo. Yayyensa biyu suka rirriƙe shi, aka ɗaure masa hannu da ɗankwali, aka sa shi a adaidaita sahu tun da asuba. An yanki kati, an bi layi har rana ta take. Da aka shiga wajen likita aka tambaya ko yana shan wani abu, uwar ta sunkuyar da kai, babban wan ya ce, "Ranka ya daɗe, yana ɗan taɓawa." Aka yi masa allura ya yi laushi, aka ba shi gado bayan an biya kuɗin ajiya da aka haɗo daga dangi. Bayan mako uku ya dawo hayyacinsa, yana gaida mutane, yana jin kunyar abin da aka ce ya yi. Aka sallame shi da ledar magani da gargaɗi: ka daina shaye-shaye, ka dawo bayan wata ɗaya.

Ya koma ɗakin da ya baro, majalisar da ya baro, ba aiki, ba makaranta. Maganin ya sa masa nauyin jiki, yawu na zuba, wuya na sanƙarewa, yaran unguwa na yi masa kallon wanda ya dawo daga asibitin mahaukata. Kafin wata biyu ya ajiye maganin ya koma wa abin da ya sani. Da ciwon ya sake tashi aka nufi wata cibiyar gyaran mashaya, can kuma aka ce ba sa karɓar mai duka da fashe-fashe, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa tukuna. A asibitin aka ce ai an faɗa masa ya daina bai ji ba. Zagaye na uku kuɗi sun ƙare, haƙuri ya ƙare, sai wani maƙwabci ya ce ya san wani malam da ke gyara irinsu.

Ba mugunta ce ke sa ma'aikata yin haka ba, yawanci yawa ne ya yi musu yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa waje. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa ana ƙirga su da yatsu: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, sai na Dawanau a Kano da ya koma hannun gwamnatin tarayya, tare da sassan da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu daga cikinsu suna da sashe na musamman na masu shaye-shaye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma mutumin Gumel ko Anka ko Gashuwa sai ya sayar da akuya kafin ya ga ƙofar. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, ciwon da ake jinyarsa shekara da shekaru kuwa ba ya barin aljihu da komai.

Akwai wata ƙwaya da ta isa ta nuna yadda lamuran biyu suka cakuɗe. Ezol, da matasa ke sha don su yi caji, asalinta maganin asibiti ce. Likita kan rubuta ta tare da tsofaffin magungunan taɓin hankali don ta hana sanƙarewar jiki da karkarwar da suke jawowa. Ke nan ƙwaya ɗaya ce ke cikin ledar majinyaci da aljihun mashayi, wani lokaci ma mutum ɗaya ne. Akwai majinyacin da ke shan Ezol ɗin ya zubar da ainihin maganin, akwai wanda abokai ke kewaye shi ranar da ya dawo daga asibiti. Ma'aikacin da ya san ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai ba zai lura ba. Wanda ya san shaye-shaye kaɗai kuma zai ƙwace ta gaba ɗaya, ya bar mutum da wuya a karkace. Haka tiramadol: haɗa shi da wasu magungunan ciwon damuwa na iya jawo farfaɗiya ko zazzaɓi da ruɗewa mai haɗari. Mai zuƙar taba da yawa ma, wasu magungunan ƙwaƙwalwa sun fi saurin fita daga jikinsa. Duk waɗannan sai wanda ke kallon ciwon biyu tare ne zai gan su.

Dabarar kulle mutum a ɗaki har ƙwaya ta fita daga jikinsa, wadda ita ce jarin gidajen mari, tana da haɗari biyu da dangi ba su cika sani ba. Wanda jikinsa ya saba da dayazefam ko roci ko giya mai yawa, yanke masa farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga da ruɗewa har ta kai ga rasa rai. A hankali ake rage masa, a ƙarƙashin kulawar likita. Wanda kuma aka tsare wata shida ba ya shan kodin ko tiramadol, jikinsa ya manta da su. Ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko wurin tsarewa suna cikin mafi haɗari a rayuwar irin wannan mutum.

Gwamnati kuwa ta fi ƙwarewa a kamu da haramci. Bayan rahoton binciken da BBC ta yi kan kodin a 2018, cikin kwanaki aka hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. An yi daidai. Amma waɗanda suka riga suka kamu ba a yi musu tanadin komai ba, kasuwa kuma ba ta barin gurbi. A 2025 wani binciken na BBC ya nuna yadda ake shigo da wata sabuwar haɗaɗɗiyar ƙwaya daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma, wadda ba a amince da ita a ko'ina ba.

Abin da aka gwada

Ƙasashen da suka fi mu likitoci ma sun yi wannan yawo. A Amurka da Ingila an daɗe ana tafiyar da asibitocin ƙwaƙwalwa daban, cibiyoyin mashaya daban, kowa da kasafinsa, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 wasu likitoci a jihar New Hampshire ta Amurka suka fara haɗa aikin a hannun tawaga ɗaya. Ingila ta fitar da ƙa'ida a 2002 cewa mai tsananin taɓin hankali da ke shaye-shaye nauyinsa na kan ma'aikatan ƙwaƙwalwa, ba su da ikon tura shi gaba. A 2017 ta sake jaddadawa: duk ƙofar da irin wannan mutum ya ƙwanƙwasa, a buɗe masa. Sake faɗar bayan shekara 15 ya isa ya nuna cewa rubuta ƙa'ida daban, bin ta daban. Gaskiya kuma ita ce, da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba su sami wata dabarar nasiha ko horo guda da ta yi wa sauran fintinƙau ba. Duk mai tallar cewa yana da maganin da ke raba mutum da ciwon biyu cikin kwana arba'in, kuɗinka yake so.

Abin da aka fi dacewa a kai ba shi da ƙyalƙyali. Ma'aikaci ɗaya ko tawaga ɗaya ta riƙe mutum, ta san sunansa da gidansu. A ba shi maganin ƙwaƙwalwarsa ko da bai daina sha ba tukuna, domin jiran sai ya daina jiran gawon shanu ne. A tambaye shi abin da yake sha ba da tsawa ba, a kuma tambaye shi abin da shan ke yi masa, domin a amsar ne ake gano rashin barcin ko fargabar da ya kamata a yi wa magani. In maganin asibiti na wahalar da shi a canja, ko a rage, ko a koma allurar wata-wata ga wanda ke mantuwa. In ya koma ruwa a ɗauka cewa ciwon ne ya motsa, kamar yadda hawan jini ke motsawa, a ci gaba daga inda aka tsaya. In bai zo ranar da aka ba shi ba a bi shi gida. Sannan a nema masa abin yi, ko ɗinki ne ko gyaran waya, domin wanda ya tashi da safe ba inda za shi, majalisa ce za ta karɓe shi.

Ba sai mun je Turai koyon wannan ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon kulle marasa lafiya, sai ya sama musu masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su zo asibiti a duba su, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san wajensu mutane ke fara zuwa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne mai wuya a wajenmu, kuma ba a kauce masa. Malamai da masu ruƙiyya sun fi likitocin ƙwaƙwalwa yawa nesa ba kusa ba, suna cikin kowace unguwa, kuma mutane sun yarda da su. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda The Lancet ta buga a 2020. An haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu magani na gargajiya da na addini, ma'aikacin lafiya na zuwa har wurin mai maganin yana duba masu ruɗewar hankali yana ba su magani. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Amma wani gwajin da aka yi a wani sansanin addu'a a Gana, wanda aka wallafa a 2018, ya zo da darasi mai ɗaci: maganin ya rage ciwon, amma bai rage kwanakin da mutane suka yi a sarƙa ba. Don haka haɗa kai da malam ba ya nufin a kai masa ƙwayoyi a juya baya. Sai da sharaɗi a rubuce da mai zuwa dubawa: ba mari, ba bulala, ba horon yunwa, kuma duk wanda ya ruɗe ko ya fara jijjiga a miƙa shi asibiti. Addu'a da magani ba su taɓa faɗa da juna ba. Sarƙa ce ba ta da gurbi a cikin ko wannensu.

Masu jinyar da ba a biya

Duk tsarin da za a kawo, a ƙarshe gida ne asibitin. Uwa ce ke ba da magani, ita ke gane cewa ciwon na dawowa tun kafin kowa: barci ya ragu, ya daina wanka, ya fara rufe taga da rana tsaka. Amma da wuya a zaunar da ita a yi mata bayanin sunan ciwon, da amfanin kowace ƙwaya, da abin da za ta yi in ya birkice da tsakar dare. Bincike ya daɗe da nuna cewa gidan da ake yawan gori da faɗa da tsangwama, ciwon ya fi saurin dawowa, gidan da aka koya wa dangi yadda ciwon yake kuma komawa asibiti na raguwa. "Kai dai ka zame mana masifa" magana ce da ke fita daga bakin wanda ya gaji, kowa ya san haka, amma tana aiki a kan mara lafiya. Tausasa harshe kuma ba ya nufin a miƙa masa kuɗi a hannu ko a bar shi ya daki ƙannensa. Ana iya gindaya iyaka ba tare da wulaƙanci ba. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce iskanci ne ko neman a kula shi. Haɗuwar ciwon biyu na ƙara haɗarin kashe kai sosai, kuma ranar da aka ji wannan magana ranar ce ta zuwa asibiti.

Na mata ya fi ɓoyuwa. Binciken 2019 ya nuna ɗaya cikin kowane mashaya huɗu a Najeriya mace ce, amma a wuraren jinya ba a ganin su da wannan yawa. Matar da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa, ko wadda zaman gidan miji ya ƙuntata, ta samu kwalbar maganin tari a wajen ƙawa ranar biki, ba a majalisa take sha ba, a uwar ɗaka take sha. Ranar da asiri ya tonu abin da ke biyo baya saki ne, a karɓe 'ya'ya, a mai da ita gidan iyaye a rufe maganar don kada ƙannenta su rasa mijin aure. Ba mai tambayar me ya same ta kafin kwalbar.

Ta fuskar doka an ɗan motsa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Sabuwar ta amince cewa mai larurar yana da haƙƙi, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma, a ƙarƙashin Janar Buba Marwa mai ritaya, ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 don masu neman shawara, tana kuma da wuraren gyaran hali a wasu ofisoshinta. Sai dai dokar da ta kafa hukumar ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar ibilis da dangoginta, kundin Final Kod na Arewa kuma ya daɗe da lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka. Mutumin da ke tsoron ɗauri ba zai faɗa wa nas gaskiyar abin da ya sha ba.

Likitoci 300 ba za su taɓa isa ba, ko an ninka su. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, na koya wa nas-nas da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci yadda za su gane ciwon damuwa, ruɗewar hankali, farfaɗiya da matsalar shaye-shaye, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Littafin koyarwar ɗaya ne, ciwon biyu duk suna ciki, kuma Najeriya ta riga ta daidaita shi da yanayinta. Ƙananan asibitocin nan kuwa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, ba sai an jira Abuja ba. Gwamnonin da suka rufe gidajen mari a 2019 sun rufe ƙofar da bai kamata ta kasance a buɗe ba, amma iyayen da suka cika gidajen suna nan da 'ya'yansu. A horar da ma'aikaci ko da biyu ne a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, a ajiye musu magani mai araha da ba ya yankewa, a kuma rubuta musu a fili cewa ba a korar mara lafiya don yana shaye-shaye.